Bindigar harbin nesa a hannun farar hula: a hana ko a bari?

Bakatsine_Leeds:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake so mu tattauna, musamman ku da kuka san makamai ko doka. A 2018 gwamnatin Birtaniya ta kai wa majalisa ƙudurin doka kan makamai masu haɗari. Yawancinsa maganar wuƙaƙe ce da watsa wa mutane asid, amma a ciki an cusa sashen da zai haramta wa fararen hula manyan bindigogin nan na gasar harbin nesa, masu cin harsashi mai kaurin rabin inci, wato milimita 12.7. Ma'aunin da suka sa shi ne duk bindigar da ƙarfin fitar harsashinta ya haura jul 13,600 (jul shi ne ma'aunin ƙarfi). Sai 'yan majalisar jam'iyyar gwamnatin da kanta, Conservative, suka tayar da ƙayar baya, Sir Geoffrey Clifton-Brown na gaba. Kafin shekara ta ƙare gwamnati ta janye sashen, dokar ta fito a 2019 babu shi. Ni a ganina ragwanci ne kawai. Harsashin da aka yi domin fasa mota da bango, me farar hula zai yi da shi, ko da sunan wasa ne?

Mai_Shayi99:
Wa'alaikumussalam. Malam Bakatsine, mu da muke fama da masu jigida a kan babur, kai kana can kana lissafin jul. Allah ya ba mu irin matsalarku.

Tsohon_Saje:
Wa'alaikumussalam wa rahmatullah. Bari tsoho ya fara. Wannan harsashin na san shi tun ina kaki, a kan babbar bindigar da ake girkewa a bayan mota. John Browning ne ya ƙirƙiro shi wajen ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, ba don farauta ba, ba don wasa ba. Tsawonsa ya kusa santimita 14, in ka riƙe shi a tafin hannu kansa na leƙowa. Harsashin AK ƙarfinsa wajen jul dubu biyu ne, wannan kuwa yana kaiwa dubu goma sha takwas. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da inda ake harba shi ya san ba a kunne kaɗai ake jin ƙarar ba, har a ƙirji take bugunka, ƙura ta tashi daga ƙasa hagu da dama. Rigar sulken da ɗan sanda ke sawa ba ta san da zamansa ba. Ni dai ba zan so maƙwabcina ya ajiye irinta ba, ko da kuwa limamin unguwa ne.

Dan_Houston:
Baba Saje, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka bar rabin zancen. Faɗa musu nauyinta. Barrett M82 ta kai kilo 13 zuwa 14, tsawonta ya kusa mita ɗaya da rabi. Kuɗinta dubban daloli, harsashi ɗaya ma daloli ne. Wane ɗan fashi ne zai saɓa wannan ya shiga shago? A nan Amurka mafi yawan kisan da ake yi da bindiga, da ƙaramar bindigar hannu ake yinsa, wadda ake sokewa a ƙugu. 'Yan siyasa sun fi son babbar ne saboda tana kyau a hoto. Su ɗora ta kan tebur a kira 'yan jarida, kowa ya razana, a ce ana aiki.

Barista_Zariya:
Akwai abin da ya kamata a bambance tun yanzu kafin zance ya cakuɗe. Yaya Dan_Houston yana magana ne da idon Amurka, inda a dokar tarayya wannan bindigar ba ta da wani matsayi na daban, ɗan shekara 18 na iya sayenta a shagon da ke da lasisi in ya tsallake bincike. Birtaniya ba haka ba ce. Tun bayan kisan Hungerford na 1987, dokar 1988 ta hana manyan bindigogi masu ɗora wa kansu harsashi. Saboda haka irin Barrett ɗin da ya ambata ma ba ta halatta a can ba. Waɗanda aka yi rigimar a kansu su ne masu ɗaurin hannu, ka harba ɗaya, ka ja ƙarfe ka fitar da kwanso, ka tura wani. Kuma bayan Dunblane a 1996, inda aka kashe yara 16 da malamarsu, aka kwashe ƙananan bindigogin hannu kusan gaba ɗaya. Ƙasa ce da ta saba hanawa. Shi ya sa janyewar 2018 ta ba mutane mamaki.

Bakatsine_Leeds:
Yauwa Barista, abin da nake nufi ke nan. Ƙasar da ta iya raba dubban mutane da bindigoginsu a 1997, ta kasa raba 'yan tsiraru da nasu a 2018.

Malamin_Gwamnati:
Ba kasawa ba ce ta doka, lissafin kujeru ne. Ku tuna halin da Firaminista Theresa May take ciki a lokacin. Zaɓen 2017 ya raba ta da rinjaye, da 'yan jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa take jingina. Watan Nuwamba na 2018 shi ne daidai lokacin da take neman kowace ƙuri'a domin yarjejeniyar ficewa daga Tarayyar Turai, kuma da yawa daga waɗanda suka sa hannu a boren bindigar su ne dai masu yi mata bore a kan Brexit. Sajid Javid ne ke riƙe da ma'aikatar cikin gida. Wa zai yarda a kayar da shi a majalisa a kan bindigar da yawancin 'yan ƙasa ba su taɓa gani ba, a makon da kujerar shugabarsa ke rawa? 'Yan Leba sun yi ta surutu cewa an sayar da shawarar 'yan sanda don a lallashi 'yan bayan benci, wato 'yan majalisar jam'iyyar gwamnati marasa muƙami. A wannan gaɓar ban ga ƙaryarsu ba.

Hajiya_Bradford:
Ni fa abin da ban gane ba, wasan mene ne wannan? Mutum ya kwanta a ƙasa ya harbi me?

Likitan_Ido_Kent:
Hajiya, bari in ba ki abin da na gani. Wani abokin aikina Bature ɗan ƙungiyar harbi ne, ya taɓa gayyata ta ranar da suke buɗe wa baƙi ƙofa. Ba irin wannan babbar suke harbawa a wurin ba, matsakaiciya ce, amma tsarin ɗaya ne. Yawancinsu dattawa ne masu furfura, kowa da tabarmarsa da ɗan littafinsa. Mutum zai kwanta rub da ciki ya fi minti biyar bai taɓa kunama ba, yana kallon tutocin da aka kakkafa a gefen fili don ya karanci iska, yana murɗa madubin hange kaɗan-kaɗan, yana rubutu da fensir. Allon yana can yadi dubu, da ido ƙyar kake ganinsa. In ya harba, wani da ke cikin rami a can ya sauke allon ya liƙa alama ya ɗaga. Shi ke nan wasan. Lissafi ne da haƙuri, har gundura ta kama ni. Abokin nawa ya ce kafin a ba ka lasisi sai ka yi watanni a ƙungiya ana lura da kai, ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, 'yan sanda su zo gida su duba akwatin ƙarfen da ka kafe a bango, kuma duk shekara biyar a sake. Masu rabin incin kuma galibi sai a filayen atisayen soja suke samun wurin harbawa, don ba kowane fili ke ɗaukarta ba.

Hajiya_Bradford:
To Likita, tunda lissafi ne da haƙuri, su yi da ƙaramar mana. Dole sai wadda ke fasa mota?

Dan_Houston:
Hajiya, nisan ne ke jawo girman. In kana so ka wuce mil ɗaya, harsashi mara nauyi iska za ta yi wasa da shi. Masu wannan gasar nisa suke bi.

Tsohon_Saje:
Nisan ne kuma abin tsoron, ɗana. A 2017 wani sojan Kanada a Iraƙi ya sami mutum daga mita 3,540 da irin wannan harsashi, da bindiga mai ɗaurin hannu, ba mai sarrafa kanta ba. Wanda aka harba bai ma ji ƙarar ba.

Dan_Houston:
Baba, wannan soja ne da ya shekara da shekaru yana horo, da mai duba masa iska a gefe. Ba a auna farar hula da shi.

Malamin_Gwamnati:
Ga wani abu da masu cewa "ba a taɓa aikata laifi da ita ba" ke tsallakewa. A cikin Birtaniya an taɓa. A shekarun 1990 'yan tawayen IRA a kudancin Armagh da ke Ireland ta Arewa sun yi amfani da Barrett da aka yi fasa-ƙwaurinta daga Amurka, suna harbi daga cikin mota da aka gyara bayanta. Stephen Restorick, sojan da aka kashe a shingen bincike a Bessbrook a watan Fabrairun 1997, da irinta aka harbe shi. 'Yan sandan da suka nemi a hana ba mafarki suka yi ba.

Barista_Zariya:
Malam, ka ba masu adawa da hanin makami da hannunka. Ka ce fasa-ƙwauri. Ba daga akwatin wani mai lasisi ta fito ba. Hujjar Clifton-Brown da mutanensa ke nan tun farko: dokar za ta faɗa kan wanda ya yi rajista, wanda 'yan sanda suka san gidansa, ta bar wanda ya shigo da tasa ta ɓarauniyar hanya. Su kuma 'yan sanda suka ce ai damuwar ita ce sata, ranar da aka fasa gidan mai lasisi an gama. Daga nan ne aka sasanta a kan tsaurara sharuɗɗan ajiya maimakon hani. Abin da dai dokar 2019 ta hana shi ne wasu bindigogi masu saurin harbi da aka ƙera don zagaye dokar 1988, da kuma na'urar nan da ake ɗaura wa gindin bindiga don ta ƙara saurin harbi, irin wadda maharbin Las Vegas ya yi amfani da ita a 2017.

Injiniya_Kalgari:
Mu nan Kanada an yi abin da Malam Bakatsine ke so, har ma an zarce. Bayan kisan Nova Scotia na Afrilun 2020, mutum 22, Firaminista Trudeau bai ma bi ta majalisa ba. Ranar 1 ga Mayu aka fitar da umarni, aka haramta nau'i wajen 1,500, har da duk bindigar da ta wuce jul 10,000. Sai ga shi layin ya haɗa da wasu tsofaffin bindigogin farautar manyan namun daji masu tsada, waɗanda ba ruwansu da soja. Shi kuwa wanda ya yi kisan ba shi da lasisi ko ɗaya, yawancin bindigoginsa daga Amurka aka tsallako da su. Maganar sayen bindigogin daga hannun masu su kuwa ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, ana ta ƙara wa'adi, gwamnatin lardin Alberta ta ce ba da ita ba. Ban ce kada a hana ba. Na ce in za ka ja layi da lamba, ka san abin da lambar za ta kwaso.

Mai_Shayi99:
Wato an kama mai akuya an bar kura.

Dan_Tsafe:
Ku yi haƙuri in shigo da namu, don ni wannan zancen ba na nesa ba ne a wurina. Irin kaurin harsashin da kuke ta aunawa, mu a daji muke jin ƙararsa. Bindigar harbo jirgi da 'yan bindiga ke ɗorawa a mota ko su girke a kan dutse, ai dangin wannan ce. A Yulin 2021 sun harbo jirgin yaƙi a Zamfara, matuƙin ya yi tsalle da lema ya tsira. Wa ya ba su lasisi? Mu kuwa mutanen gari, bindigar toka ce da harba-ka-ruga, ita ma in aka gan ka da ita sai ka yi bayani. Lokacin da gwamnatin Matawalle ta ce a Yunin 2022 kowa ya nemi bindiga, har aka ce za a raba fom 500 a kowace masarauta, mutane sun yi murna. Kwana kaɗan 'yan sanda suka ce ba a ba da lasisi, shugaban hafsoshin tsaro ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Shi ke nan maganar ta mutu. Don haka in na ji ana cewa "a hana farar hula", gabana faɗuwa yake.

Barista_Zariya:
Allah ya kawo muku sauƙi, Malam Dan_Tsafe. A dokance kuwa gaskiyar hafsan ce. Dokar makamai ta 1959 kashi uku ta yi: na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, na kai kamar bindigar farauta sai Sufeto Janar, na ɗure kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. Gwamna ba shi ke ba da lasisi ba. Amma kada mu haɗa biyun. Kai kana maganar kare rai ne inda hukuma ta gaza. A Birtaniya kare kai ba ya cikin dalilan da ake ba da lasisi a kansu a Ingila ko Wales ko Scotland. Su maganar sha'awa suke.

Dan_Tsafe:
Na gane, Barista. Amma mai sha'awa an saurare shi a majalisa, mai neman tsira ba a saurare shi ba.

Abdu_Maradi:
Gaskiya ne ɗan'uwa. Mu ma ta ɓangarenmu tun da Libiya ta wargaje a 2011 makamai suka malalo. Iyakar Maradi da Katsina da Zamfara ba ta tare komai.

Mai_Unguwar_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Malam Bakatsine. Maganar tsaron gida muna da zaurenta daban, kuma kun san yadda take ƙarewa.

Malamin_Gwamnati:
To bari in dawo da ita ta hanyar da ta haɗa duka biyun. Dan_Houston ya ce ɗan fashi ba zai saɓa ta ba. Ɗan fashin shago, e. Amma tsallaka kudu da Texas ka tambaya. Ƙungiyoyin ƙwaya na Meziko ba abin da suke so kamar Barrett. A Yunin 2020 an yi wa shugaban 'yan sandan birnin Meziko, Omar García Harfuch, kwanton ɓauna a tsakiyar gari, motarsa mai sulke ce, kuma cikin makaman da aka tsinta akwai irin wannan. Ya tsira da raunuka, mutum uku suka mutu. A shagunan Amurka ake sayensu da sunan wani a tsallaka da su. Gwamnatin Meziko ta kai kamfanonin bindiga ƙara a 2021, Barrett na cikin waɗanda ta lissafa, kotun ƙolin Amurka ta yi watsi da ƙarar a 2025. Abin da yake halal a wannan gefen iyaka shi ke fasa motar 'yan sanda a wancan gefen.

Dan_Houston:
Wannan na yarda matsala ce, Malam. Amma mai saye da sunan wani ya riga ya karya doka, a kama shi. Kuma ku dubi Kalifoniya. Gwamna Schwarzenegger ya sa hannu kan dokar hana ta a 2004, hanin ya fara aiki farkon 2005. Me ya biyo baya? Ronnie Barrett, mai kamfanin, ya ce ya daina sayar wa hukumomin jihar, sannan kamfaninsa ya fito da wani harsashi ɗan siriri, .416, wanda dokar ba ta ambata ba, kuma yana kai nisa. Wasu suka ɗan sauya fasalin kwanson suka ba shi wani suna. A Tennessee kuwa, mahaifar Barrett, a 2016 majalisa ta ayyana bindigar a matsayin bindigar jiha. Ƙasa ɗaya ce fa.

Injiniya_Kalgari:
Shi ya sa Birtaniya da Kanada suka bi ta ƙarfi ba ta suna ba. In ka hana suna, gobe a canza suna. In ka hana jul, sai a ƙera wadda ta tsaya ƙasa da layin da kaɗan. Ko ta ina akwai ƙofa, sai dai wata ta fi wata ƙunci.

Hajiya_Bradford:
Ni har yanzu ba wanda ya gamsar da ni. An ce dattawa ne masu fensir, na yarda. Maharbin Dunblane ma lasisi gare shi. Na Plymouth a 2021 ma lasisi gare shi, har an ƙwace an mayar masa. Ni uwa ce, ba na son a jira sai an yi sannan a ce ashe.

Likitan_Ido_Kent:
Hajiya, na Plymouth bindigar harbin tsuntsu ya ɗauka, irin wadda dubban manoma ke da ita. Abin da ya gaza a can tantancewa ce. Bayan nan ne aka wajabta kawo bayanin likita kafin a ba da lasisi. In ni ne mai rabon kuɗin gwamnati, a ofishin lasisin zan zuba su kafin in biya diyyar ƙwace bindigogin da ba su taɓa fita daga filin soja da akwati ba.

Tsohon_Saje:
Likita, ana iya yin biyun. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bakatsine_Leeds:
Na gode muku duka. Na karanta na Injiniya da na Likita sau biyu. Amma tambayata tana nan: in 'yan sandan ƙasa suka ce ba su da abin da zai tare wannan harsashi, wa ya kamata ya kawo hujja, mai so a hana ko mai so ya riƙe? A 2018 an ɗora wa 'yan sanda nauyin, ni kuma ina ganin a kan mai riƙewa ya kamata ya hau.

Barista_Zariya:
A dokar Birtaniya ai a kansa yake tun asali, Malam. Kowace bindiga irin wannan sai ka nuna ƙwaƙƙwaran dalili kafin a rubuta maka ita a lasisi. Rigimar ita ce ko gasar harbi ta isa dalili ga wannan girman. Majalisa ta bar wa shugaban 'yan sandan kowane yanki ya yanke, mutum-mutum. Kai kana so majalisa ta yanke sau ɗaya ga kowa.

Dan_Houston:
Kuma in ta yanke a 13,600, shekara mai zuwa wani zai ce 10,000 kamar Kanada, wata shekarar a sauko kan bindigar barewa. Tsoron masu farauta ke nan, shi ya sa suka shigar wa mutanen da ba su ma san su ba.

Malamin_Gwamnati:
Wannan hujjar ta gangara ana kawo ta a kan kowace doka. Tun 1997 ake cewa saura bindigar barewa, ga ta nan har yau ana harbin barewa a Scotland.

Dan_Tsafe:
Baba Saje, tambaya ɗaya kafin Mai Unguwa ya kore ni. Buhunan yashin da 'yan sa-kai ke jerawa a bakin gari, layi nawa ne zai tare irin wannan?

Tsohon_Saje:
Layi ɗaya dai kada ku dogara da shi, ɗana, bulon siminti ma haka. Rami ya fi tudu. Ka same ni ta akwatin saƙo, wannan ba zancen zaure ba ne.